Sojan Dalma da Yaƙin Sarki Karl na Suwidin

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Kwamitin shirya taro ya nemi kowane ɗaya daga cikinmu mu uku ya yi bayanin abin da yake yi da lokacinsa bayan barin aiki. Kun ji na mai gonar mangwaro, kun ji na mai kiwon kifi, kuma duka biyu suna kawo kuɗi. Nawa kuwa cin kuɗi yake yi. Abin da nake yi shi ne, ina sayen sojojin dalma 'yan mitsi-mitsi, in zauna da buroshi in yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan in jera su a kan tebur mu gwabza yaƙi da wani dattijo irina, yaƙin da aka gama shi shekara ɗari uku da suka wuce a ƙasar da ba a taɓa jin zafin rana irin namu ba. Tun da aka shigo da akwatunan nan na ga Ma'aji yana taɓa na kusa da shi, na kuwa san abin da yake faɗi, watau tsufa ya zo wa wane da wasan yara. To, ku ba ni aron kunnuwanku, in an gama sai ku yanke hukunci.

Da farko dai ga yadda abin yake. Ana samun tebur mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4, a shimfiɗa masa koren ƙyalle, a ɗora tuddai da itatuwa da kogi da gidaje, duka na kwali da soso, daidai da taswirar filin da aka yi yaƙin. Sojojin suna da girma iri-iri. Akwai masu tsawon milimita 28, akwai masu 15, waɗanda su nake da su, kamar ƙwayar gyaɗa ke nan, akwai kuma masu milimita 6 waɗanda ba su wuce ƙwayar shinkafa ba. A da da dalma ake zuba su, shi ya sa sunan ya bi su, amma yanzu yawanci kuza ce ko roba. Ana manna su da gam a kan 'yan alluna, kowane rukuni ya tsaya a madadin bataliya guda. Akwai littafin dokoki da ya faɗi iyakar inci nawa dakaru za su tafi a zagaye ɗaya, nawa mahaya za su tafi, da nisan da bindiga ko igwa za ta kai. Da tef ɗin awo irin na tela ake aunawa. Abin da ba a iya aunawa da tef, kamar ko albarushi ya jiƙe, ko zuciyar mayaƙa ta karaya, shi ake jefa wa dayis irin na ludo. Kafin Liman ɗin ajinmu ya ɗaga hannu, bari in ce ba a sa ko kwabo, wanda aka ci sai dai ya sha dariya ya sayi shayi.

Asalin abin kuwa daga bariki ya fito. A shekarar 1812 wani Bajamushe mai suna Reisswitz ya gabatar wa Sarkin Furusiya wani tebur na koyon dabarun yaƙi, ɗansa kuma, wanda hafsan igwa ne, ya gyara shi a 1824 ya mai da shi kan taswira, ya sa alƙalin wasa a tsakani. Rundunar Furusiya ta karɓe shi don horar da hafsoshi, daga nan sauran ƙasashe suka kwaikwaya. Marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, shi ya fitar da shi daga bariki zuwa falo da littafinsa Little Wars na 1913, inda ake harbin sojan dalma da 'yar igwa mai sifirin. Wasan da muke yi yau ya kafu ne bayan 1962, lokacin da Donald Featherstone, wani tsohon soja da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu, ya buga littafinsa na dokoki. Ni a Ingila na gamu da shi sa'ad da aiki ya zaunar da ni can. Kulob ɗinmu yana haɗuwa daren Talata, a cikinmu akwai direban bas, da malamin firamare, da wani mutumin Suwidin wanda shi ya jawo ni cikin yaƙin ƙasarsu.

Wannan yaƙi shi ake kira Babban Yaƙin Arewa, an yi shi daga 1700 zuwa 1721. A wancan zamani Suwidin babbar daula ce. Tana riƙe da Finlan, da ƙasar da yau ake kira Istoniya, da wani ɓangare na Latbiya, da wasu yankuna na arewacin Jamus, har ta kusa mai da tekun Baltik tafkin gidanta. A 1697 sarkinta ya mutu, ɗansa Karl na Sha Biyu ya hau gado yana da shekara 15. Maƙwabta uku suka ga yaro a kan karaga, suka ce ga nama ya faɗi: Farederik na Huɗu na Danmak da Norwe, da Agustus mai mulkin Saksoni da Folan, da Bitrus na Rasha, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da Mai Girma. Suka ƙulla yarjejeniya suka far masa a 1700. Kafin damina ta wuce a lissafinmu, yaron nan ya haye teku ya sauka kusa da Kofanhegan, Danmak ta nemi sulhu a watan Agusta. A watan Nuwamba ya isa Narba, inda Rashawa wajen 35,000 suka kewaye garin, shi kuma da mutum wajen 10,000. Guguwar dusar ƙanƙara ta taso tana bugun Rashawa a fuska, ya kutsa cikinta ya tarwatsa su. Yana da shekara 18.

Waɗanda ke sauraron labaran duniya za su ga sunayen nan ba baƙi ba ne. Narba yau tana bakin iyakar Istoniya da Rasha. Foltaba, wadda zan daɗe a kanta, tana cikin Yukuren da ake yaƙi a cikinta. Birnin San Fitasbag, Bitrus ya kafa shi a 1703 a kan ƙasar da ya ƙwace daga Suwidin ana tsakiyar wannan yaƙi. Da Finlan ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 2023, Suwidin ta bi ta a 2024, tsohon ciwo ne ya motsa.

Yanzu ga zancen fenti, wanda shi ke cin kashi tara cikin goma na lokacin mai wannan sha'awa. Ba a yarda mutum ya shafa launin da ya ga dama ba, sai ya bincika. Sojan Suwidin shuɗiyar kwat yake sawa mai rawayan bakin hannu da rawayar safa, amma ba duka ba. Rundunar Yonshofin jan bakin hannu gare ta, ta Basterbotan fari. Wasu suna sa hula mai kusurwa uku, wasu kuma wata hular sanyi mai rufe kunne da ake kira karfus. Mutanen Saksoni ja suke sawa, masu gadin Sarki Bitrus na rundunar Farebrajenski kore, 'yan Danmak kuma sun fara yaƙin da ruwan toka suka gama shi da ja. Saboda haka wanda ya yi wa rundunar Danmak jan fenti ya kawo ta yaƙin 1700, za a karɓe shi da fara'a, amma sai wani ya gaya masa. Ana fara shafa farar ƙasa ko baƙa, a bar ta ta bushe, sa'an nan fuska, da kwat, da ɗamara, da bindiga, maɓallai a ƙarshe da bakin buroshi mai gashi kamar uku. Bataliya ɗaya ta mutum 24 takan ci mini mako biyu. Malaminmu na zane, wanda ya sha fama da ni a aji biyu, yana nan zaune, ina fata zai duba aikin ya ƙara mini maki ko da biyu ne.

A wurin binciken launi ne mutum yake tuntuɓe da mutanen da ke cikin rigunan. Mahaifin Karl, watau Karl na Sha Ɗaya, ya kafa wani tsari tun wajen 1682. An raba gonakin ƙasa rukuni-rukuni, kowane rukuni na gida biyu ko fiye zai ba da soja guda, ya gina masa 'yar bukka, ya yanka masa 'yar gona. Lokacin zaman lafiya manomi ne, in an buga ganga soja ne. Kowane lardi yana da rundunarsa ta mutum 1,200, bataliya biyu ke nan, kamfani takwas masu mutum 150. Ke nan waɗanda ke tsaye kafaɗa da kafaɗa a sahu maƙwabtan juna ne, coci ɗaya suke zuwa, sun san matan juna da 'ya'yan juna. Da yake sunayen ƙauye suna yawan karo, sai hafsa ya raɗa wa kowa sunan soja, kamar Modig, watau jarumi, ko Rask, mai hanzari, ko Stal, ƙarfe. Har gobe akwai iyalai a Suwidin masu amsa waɗannan sunaye. In sojan ya mutu, rukunin gonakin nan ne zai nemo wani, matar mamacin kuma ta tashi daga bukkar. Da yaƙi ya yi tsawo aka koma haɗa rukuni uku, har huɗu, har biyar, su ƙara ba da mutum guda, kuma irin waɗannan sababbin rundunoni sau da yawa tufar ulu mai ruwan toka ake ba su, don shuɗin yadi ya yi tsada. Ina da bataliya biyu masu ruwan toka a akwatin can. Duk wanda ya gan su a tebur ya san ƙasa ta fara ƙarewa.

Bindigar zamanin kuwa kun san ta, domin 'yar'uwar adakar maharbanmu ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ƙanƙara ta ba da wuta. Har ma Turawan Ingila bindigar Danmak suke ce wa tamu, saboda fataken Danmak da suka riƙa sayar da ita a gaɓar tekun Gana, inda suke da ganuwarsu ta Kiristansbog a Ankara. Wanda ya taɓa ganin maharbi yana ɗura ta ya san da ƙyar a harba sau biyu a minti guda, kuma in abu ya wuce taki ɗari sai dai a yi fata. Yawancin rundunonin Turai sukan tsaya nesa su yi ta musayar wuta. Mutanen Suwidin suka ce su ba su da yawan da za su yi wannan ciniki. Dabararsu ita ake kira go fo da harshensu, ma'ana a far musu. Za su jeru sahu huɗu su yi ta tafiya cikin ruwan harsashi ba su rama ba. Sai an kai kamar taki hamsin sahu biyu na baya su harba, a ƙara matsawa har ana ganin idon abokin gaba, na gaba su harba, sa'an nan a zare takubba a ruga. Kashi ɗaya cikin uku na bataliya ma ba su da bindiga, dogon mashi suke riƙewa mai ƙafa 18, alhali sauran Turai sun fara ajiye shi. Mahayansu kuma sukan matsu, gwiwar wannan a bayan gwiwar wancan, su yi tsini kamar garma, su zo a sukwane da takobi tsirara.

Duk littafin dokokin da aka rubuta don wannan yaƙi, a nan ake gane gwanintar mai shi. In ya ba Suwidin ƙarfi da yawa, ba mai son ya riƙe Rasha. In ya rage, to ba Yaƙin Arewa ake yi ba. Masu kyau daga ciki sun gane cewa asirin yana ga wanda ake tunkara: shin zai tsaya ya jira takobi, ko zai juya? A Farawustat, a 1706, Janar Renshold da mutum ƙasa da 10,000 ya naɗe rundunar Saksoni da Rasha mai wajen 20,000 ta gefe biyu, cikin 'yan sa'o'i aka gama. Amma ranar da abokin gaba ya ƙi gudu, yana da ganuwa, yana da igwa, to dabarar ba ta da ƙanwa. Wannan rana ita ce ta Foltaba.

Ga yadda aka kai can. Bayan Narba, Karl ya raina Rasha, ya juya ya shafe shekara shida yana bin Agustus a Folan da Saksoni. Bitrus ya yi amfani da shekarun nan ya sake gina runduna, har ƙararrawar coci ya sa aka narke aka zuba igwa. A 1708 Karl ya nufi Mosko. Rashawa suka riƙa ja da baya suna ƙone amfanin gona da ƙauyuka. Janar Lewenhawut, wanda ke tafe daga Riga da dubban kekunan abinci da albarushi, aka tare shi a Lesnaya, ya iso da mutane amma ba kaya. Karl ya karkata kudu zuwa Yukuren bisa alkawarin Mazefa, shugaban Kosak, wanda bai kawo mutanen da aka sa rai ba. Sa'an nan hunturun 1708 zuwa 1709 ya sauka, wanda Turai ta daɗe ba ta ga irinsa ba. Da bazara ta yi, ragowar rundunar ta kewaye ɗan garin Foltaba. Ana saura 'yan kwanaki a yi karo harsashi ya sami Karl a ƙafa, ya zama sai a kan gado ake ɗaukarsa, jagoranci ya koma hannun Renshold, wanda ba sa ga-maciji da Lewenhawut mai riƙe da dakaru.

Ranar yaƙin ita ce 8 ga Yuli 1709 a kalandarmu. A littattafan Rasha za ku ga 27 ga Yuni, a na Suwidin 28, domin a shekarun nan Suwidin tana da kalandarta ita kaɗai, wadda da suka tashi gyara ta sai da suka yi 30 ga Fabrairu a 1712. Wannan na faɗa ne don malaminmu na lissafi.

Bitrus ya kafa sansani mai ganuwa a bakin kogi. A kan hanyar da za a bi a iso shi ya gina ƙananan ganuwoyi goma, shida a gicciye, huɗu sun miƙo gaba kamar harshe, biyu daga ciki ba a ma gama su ba. Shirin Renshold shi ne a taso da dare, a ratsa ta tsakanin ganuwoyin nan kafin gari ya waye, a haɗu a fili a bayansu, sa'an nan a far wa sansanin. Bataliya 18 gare shi, da igwa 4 kacal, Rashawa kuwa igwarsu ta kusa 100. Amma bai zauna ya warware wa manyan hafsoshinsa shirin ba. Aka makara wajen jeruwa, gari ya waye. Janar Rus, mai bataliya shida, ya ɗauka aikinsa shi ne ya ci ganuwoyin. Ya ci biyu na farko, ya tsaya a kan ta uku yana kai hari yana komowa, har ya zubar da fiye da mutum 1,000, ya ja sauran cikin kurmi, daga baya kuma aka kewaye shi ya miƙa wuya. Sauran runduna ta wuce ta tsaya a fili wajen sa'a biyu tana jiransa, ba wanda ya san inda yake. Da Bitrus ya ga haka ya fito da dakarunsa fiye da 20,000 ya jera. Lewenhawut ya tunkare su da bataliya goma, mutum wajen 4,000. Suka yi abin da suka saba, suka tafi cikin wutar igwa ba su harba ba, har ɓangaren dama ya tura sahun farko na Rasha baya. Amma layin Rasha ya fi nasu tsawo nesa ba kusa ba, ya naɗo su. Kafin azahar an kashe musu wajen 6,900, an kama wajen 2,800.

Duk wanda ya karanta wannan a littafi, abin da zai ce shi ne Rus wawa ne. Ni ma na ji ɗalibai da manya suna faɗin haka. To a kulob ɗinmu ga yadda muke buga Foltaba. Mutum huɗu ke riƙe Suwidin, kuma da zarar an fara an hana su magana da juna. Kowa alƙalin wasa zai ba shi 'yar takarda mai layi biyu, iyakar abin da janar ɗin da yake wakilta ya sani a daren. In kana son ka aika saƙo sai ka rubuta ka ba alƙali, shi zai auna nisan, ya jefa dayis, saƙon ya isa bayan zagaye biyu ko uku, ko kuwa ɗan aiken ya ɓace. Bataliyar da kurmi ko hayaƙi ya tsare, ɗauke ta ake yi daga tebur, alƙali kaɗai ya san inda take. Mukan ba baƙon da bai san tarihin ba matsayin Rus. Na ga an yi haka sau biyar, kuma sau huɗu baƙon ya tsaya a kan ganuwa ta uku. Ɗaya daga cikinsu tsohon manjo ne. Da aka tambaye shi dalili, ya ce ana harbin mutanensa daga gefe, ya riga ya ci biyu, ba wanda ya ce masa ya wuce, wane hafsa ne zai bar abokan gaba a bayansa? Mai riƙe da Renshold kuma yana can ɗaya gefen yana cizon yatsa, yana ganin kashi ɗaya cikin uku na dakarunsa sun ɓace, ya rasa ko ya jira ko ya tafi, kowane zagaye kuwa Rashawa ƙara shiri suke yi.

Wannan shi ne abin da na samu a tebur wanda ban samu a littafi ba. Mai karatu ya riga ya san ƙarshen labari, yana kallon fili duka daga sama kamar shaho, saboda haka hukunci ba ya yi masa wuya. Wanda aka ba 'yar takarda mai layi biyu, shi ne yake ɗanɗana abin da mutanen suka ɗanɗana. Da yawanmu a nan mun riƙe ofisoshi, mun san yadda umurni yake fita daga bakin shugaba da ƙafa huɗu ya isa ƙasa da ƙafa ɗaya, kuma mun san wanda ake ɗora wa laifi. Har ila yau tebur ya nuna mana wani abu: ko da mun bar Rus ya wuce lafiya da bataliyarsa shida, da wuya Suwidin ta ci sansanin nan da igwa 4. A ganina an riga an faɗi yaƙin tun a Lesnaya da cikin hunturu, abin da ya faru a Foltaba biyan bashi ne.

Sai dai kada in yi muku tallan da ya wuce kaya. Akwai abin da tebur ba ya nunawa. Sojan dalma ba ya jin yunwa, ƙafarsa ba ta ruɓewa da sanyi, in ya faɗi a mai da shi akwati ya fito mako mai zuwa. Ba littafin dokokin da ya tanadi abin da aka yi bayan Farawustat, inda aka karkashe ɗaruruwan fursunonin Rasha. Kwana uku bayan Foltaba, Lewenhawut ya miƙa wuya a bakin kogin Nifa da kusan mutum 20,000, har da mata da yara da barori. Aka zagaya da su titunan Mosko, aka watsa su har Saiberiya, kuma kaɗan ne suka ga gida bayan sulhun 1721. Wanda yake son wannan ɓangare sai ya nemi littafin Peter Englund a kan Foltaba, na 1988, an fassara shi da Turanci. Ban san mai wannan wasa na kirki da ya karanta shi ya koma yana ɗaukar yaƙi abin ado ba.

Shi kuwa Karl ya tsere da 'yan mutane kaɗan zuwa ƙasar Daular Usmaniyya, ta Santambul nake nufi, kada 'yan Sakkwato su ce ba su da labari. Sarkin Musulmi Ahmad na Uku ya sauke shi a Bendar, cikin Moldoba ta yau. Baƙon kwana uku ya shekara biyar, yana ta zuga Turkawa su yaƙi Rasha, har suka ritsa Bitrus a kogin Furut a 1711 suka kuma sake shi bisa sulhu. Da masu gida suka gaji, a 1713 suka kewaye gidansa, ya yi faɗa da su da 'yan mutanensa har aka cinna wa gidan wuta aka kama shi. Daga wannan rana kalmar Turkanci kalabalik, mai nufin cincirindo, ta shiga harshen Suwidin da ma'anar hargitsi. Masu wasanmu suna son wannan faɗa ƙwarai, don soja talatin da gida ɗaya na kwali sun isa. A 1714 ya hau doki ya ratsa Turai cikin mako biyu ya koma ƙasarsa, ya ci gaba da yaƙi, har harsashi ya same shi a ka a gaban ganuwar Farederiksten ta Norwe a ƙarshen 1718. Rundunarsa ta arewa, ƙarƙashin Janar Armfelt, ta juyo gida ta kan duwatsu, guguwar sanyi ta kashe wajen 3,000 a hanya. Rigar da ya mutu a cikinta tana nan a gidan tarihi na fadar Istokhom, da taɓon ramin a jikin alkyabbar, da hular mai huji. Na tsaya a gabanta, kuma shuɗin ya fi wanda nake shafawa duhu.

Ranka ya daɗe shugaban taro, ina da roƙo guda. Shugaban makaranta ya gaya mini ɗaliban da ke zaɓen darasin tarihi yanzu ba su cika benci biyu ba. A zamaninmu aji cike yake, ko da yake tsoron bulalar Malam yana cikin dalilai. Ina roƙon ƙungiya ta nemar mana ɗaki ɗaya da tebur biyu a kafa kulob ɗin tarihi. Ba a bukatar sojan dalma daga Ingila. Kwalin sabulu da aka yanka aka shafa wa shuɗi da kore ya isa bataliya, marfin kwalba ya isa igwa, tef da dayis kuwa akwai su a kasuwa. Na fassara dokoki masu sauƙi da Hausa, shafi huɗu, zan bar wa malamin tarihi, kuma na ɗauki alkawarin zuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata har zango biyu, in Allah ya ba da lafiya. In yaran sun gane kan abin, su da malaminsu sai su zaɓi yaƙin da ke cikin manhajarsu su zana taswirarsa da kansu. Kuɗin da na lissafa na ba Ma'aji a rubuce, bai kai na lemon da muka sha yau ba.

Na shimfiɗa filin Foltaba a ɗakin karatu na da, kusa da ofishin mataimakin shugaba. Bayan sallar la'asar ina neman mutum bakwai, huɗu Suwidin, uku Rasha. Tun da duk kun ji labarin Rus, na roƙi shugaban ɗalibai ya kawo mini yaro ɗaya daga aji biyar wanda ba ya cikin zauren nan, don Allah kada kowa ya gaya masa kome. A kuma riƙe sojojin ta allon ƙasa, ban da ta mashi, domin yana lanƙwashewa.